Gona, masana'anta da kasuwa: yadda aiki ya kasu a Sudan, da abin da yaƙin Khartum ya tona

A inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, wurin da mutanen Sudan ke kira Mugran, akwai birane uku da gadoji suka haɗa suka zama babban birni guda. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka kowanensu da abin da aka san shi da shi. Khartum ce mai ofisoshin gwamnati da bankuna da filin jirgin sama. Bahri, da ke arewa da Shuɗin Nilu, ita ce mai masana'antu. Omdurman kuwa, a yammacin kogi, garin kasuwa ne da masu sana'ar hannu tun lokacin da ta zama cibiyar daular Mahadi a 1885.

Sai dai kusan duk abin da ake sarrafawa ko ake cinikinsa a waɗannan birane daga nesa yake zuwa. Auduga da alkama daga Jazira suke, riɗi da dawa daga Gadarif, ƙaro da gyaɗa daga Kordofan, shanu da raƙuma daga Darfur, zinariya daga hamadar arewa. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a babban birnin ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, manoman Gadarif da ba su ji ƙarar harsashi ba suka sha wahalar samun bashin banki da man tarakta a daminar shekarar. Kafin a gane yadda hakan ta faru, sai an fahimci yadda masana ke kasa ayyukan tattalin arziki ɓangare-ɓangare, da yadda Sudan ta jibge biyu daga cikin ɓangarorin a wuri guda. Batun ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye, domin da yawansu suna ɓangaren da ya fi wahala kuma ya fi ƙarancin riba.

Ɓangarori uku a cikin buhun riɗi

Buhun riɗi guda ya isa misali. Manomin da ya shuka shi a Gadarif da leburan da ya yanke shi da lauje suna cikin ɓangare na farko, wato duk aikin da ke ciro abu kai tsaye daga ƙasa ko ruwa: noma, kiwo, su, saran itace, ɗibar ƙaro da haƙar ma'adinai. Idan riɗin ya shiga injin matsar mai, ko irin matsewar gargajiya da raƙumi ke juyawa wadda har yanzu ake gani a Kordofan, ya shiga ɓangare na biyu, inda ake mayar da ɗanyen kaya wani abu dabam. Masaƙu da majemu da matatun mai da gine-gine da samar da wutar lantarki duk a nan suke. Direban babbar motar da ya ɗauko buhun, da dillalin da ya haɗa ciniki, da bankin da ya ba da bashi, da ma'aikacin duwan da ya buga hatimi a tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, su ne ɓangare na uku. Ba sa ƙera komai, hidima suke sayarwa. Malamin makaranta da likita da wanzami da soja su ma a nan ake lissafa su.

Wannan rabo ya samo asali ne daga rubuce-rubucen Allan Fisher a shekarun 1930 da Colin Clark a 1940, sannan Bafaranshe Jean Fourastié ya yaɗa shi a 1949. Abin da suka lura da shi a Turai da Amurka shi ne idan noma ya samu injuna, mutane kaɗan kan ciyar da ƙasa, sauran su koma masana'antu, daga baya kuma su koma hidimomi. Fourastié ya yi hasashen cewa wata rana kusan mutum takwas cikin goma za su kasance a ɓangare na uku. A Faransa ta yau abin ya kusa kaiwa haka, inda manoma ba su kai kashi 3 cikin ɗari na ma'aikata ba. Wasu masanan kan ƙara ɓangare na huɗu, na bincike da fasahar kwamfuta, amma a yawancin ƙididdiga ana saka shi cikin na uku.

Da ma'auni biyu ake auna girman kowane ɓangare: yawan mutanen da ke aiki a cikinsa, da kuma kason da yake bayarwa a jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, wanda ake taƙaitawa da PIB a Faransanci. Idan ɓangare ya ɗauki mutane da yawa amma kasonsa ƙarami ne, alama ce ta cewa masu aiki a cikinsa talakawa ne. Akwai kuma wani tarko a ƙididdigar. Hukumomi irin su Bankin Duniya kan haɗa haƙar mai da ma'adinai da masana'antu a layi ɗaya, don haka ƙasar da ke tono ɗanyen mai tana sayarwa sai ta fito a takarda kamar mai masana'antu, alhali ko sabulu daga waje take shigowa da shi.

Ɓangare na farko: inda Hausawa suka fara sauka

Kafin yaƙi, kimanin mutum huɗu cikin goma masu aiki a Sudan noma da kiwo suke yi. Ginshiƙin noman zamani a ƙasar shi ne aikin ban ruwa na Jazira, tsakanin kogunan biyu a kudu da Khartum. Ya kankama ne da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, kuma da aka ƙara masa yankin Managil ya haura fadan miliyan 2, wato kimanin hekta dubu 880. Manufar Turawan Ingila a bayyane take: auduga suke so domin masaƙun Lancashire. Manomin da aka ba fili yana karɓar kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga, sauran 60 gwamnati da kamfanin Sudan Plantations Syndicate su raba. Layin dogo ya kwashi audugar zuwa Port Sudan, saƙar kuma aka yi ta a Ingila.

Tsinkar auduga tana son hannu da yawa, a nan ne mutanen yammacin Afirka suka shigo. Tun da daɗewa maniyyata daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da Barno ke ratsa Sudan da ƙafa, suna tsayawa su yi aiki su tara guziri kafin su ƙetare Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Waɗannan baƙi, da ƴan Sudan suka haɗa da Hausawansu da Fulaninsu da Barebarinsu suka kira Fallata, sun zama babban tushen ƙwadago a Jazira. Kaɗan daga cikinsu ne suka samu filin kansu. Har yau akwai matsugunan lebura da ake kira kanabi a gefen ƙauyukan Jazira, inda jikokin mutanen Darfur da na yammacin Afirka ke zaune, galibi ba takardar fili, ba makaranta ko asibitin kirki.

A Gadarif, inda aka fara noman damina da tarakta a tsakiyar shekarun 1940, manyan ƴan kasuwa ne ke da gonakin. Tarakta na yin huɗa da shuka, amma riɗi sai da hannu ake yanke shi, kuma cikin gaggawa, domin idan ya bushe a tsaye kwansonsa na fashewa ya zube. Ƙaramin manomi da bai isa zuwa banki ba yakan faɗa hannun ɗan kasuwar ƙauye ta hanyar da ake kira shel, wato bashin da ake karɓa da damina a biya da amfanin gona idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Manomin Maraɗi ko na Daura ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Duk wanda ke ɓangare na farko rayuwarsa a kan ƙasa take, don haka batun wa ke da ikon fili na iya kaiwa ga zubar da jini. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya ta kansu, abin da a tsarin Sudan ke tafiya da iko a kan ƙasa. Fiye da mutum 100 suka mutu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kassala da Gadarif da Port Sudan, kuma a watan Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi.

Ma'adinai ma a wannan ɓangare suke. A 1999 Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 zuwa gaɓar Bahar Maliya, har mai ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje. A shekarun nan an yi sakaci da noma, magudanan ruwan Jazira suka cika da laka. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Zinariya ce ta maye gurbi, mafi yawanta daga hannun ƙananan mahaƙa masu yawo da na'urar gano ƙarfe, kuma akasari Dubai take nufa. Irin waɗannan mahaƙa na Sudan na cikin waɗanda suka kwarara Djado a arewacin Nijar da aka gano zinariya a can a 2014.

Ɓangare na biyu: ƙarami, kuma a tattare

Sudan na da masana'antu, wasu ma manya. Kamfanin sukari na Kenana, da aka kafa a 1975 a jihar Farin Nilu, na cikin mafiya girma a Afirka, kuma shi ne misalin masana'antar da aka gina kusa da gonarta. Sai dai irinsa ba su da yawa. Manyan injunan niƙa fulawa irin su Sayga na rukunin DAL, da kamfanonin magani da na man girki da sabulu da lemon kwalba, a Bahri da sauran unguwannin masana'antu na jihar Khartum suka taru. Matatar mai ta Jaili, da aka buɗe a 2000 tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, tana arewa da Bahri. Rukunin masana'antun Giad mai haɗa motoci da taraktoci yana kudu da birnin, kimanin tafiyar kilomita 50. Matatar zinariya da aka buɗe a 2012 ita ma a Khartum aka kafa ta.

Dalilan wannan taruwa ba ɓoyayyu ba ne. Mai masana'anta na son wuta da ruwa da hanya da masu saye, ga kuma ofishin da zai ba shi lasisi da dalar shigo da kayan gyara. Duk waɗannan a babban birni suke. Ƙidayar 2008 ta nuna jihar Khartum kaɗai na da mutum fiye da miliyan 5, daga baya kuma ta ƙara cika da waɗanda fari da yaƙe-yaƙen Darfur da Kordofan suka koro. Wutar madatsar Merowe, da aka ƙaddamar a 2009, ita ma birnin ta fi yi wa aiki.

Ƙaro ya fi komai nuna abin da ƙasa ke rasawa idan ɓangare na biyu ya yi rauni. Kafin yaƙi Sudan ce ke ba duniya kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɗanyen ƙaro, wanda ake samu a jikin dakwara, itacen da suke kira hashab. Manomi na tsaga bawon itacen da rani, ya jira makonni, ya tsince ƙaron ya kai kasuwar gwanjo ta El Obeid. Daga 1969 zuwa 2009 kamfani guda ne, Gum Arabic Company, ke da ikon fitar da ɗanyensa waje. Masu lemon kwalba da alewa da magunguna ba su da abin da zai maye gurbinsa, har ta kai da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 ta bar wa ƙaro ƙofa. Amma tacewa da mayar da shi gari, inda ribar take, mafi yawa a Turai ake yi, musamman a kamfanonin Faransa irin su Nexira da Alland & Robert. Faransa, wadda dakwara ba ta tsiro a cikinta, ta zama kan gaba wajen sayar da tataccen ƙaro a duniya. Irin wannan ne Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dabbobi ma haka. Tumaki da rai ake loda su a jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Saudiyya, raƙuma kuma a kora su Masar, sai aikin yanka da jima da ƙera takalma ya zama na wasu. A watan Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Suwakin ɗauke da tumaki fiye da 15,000.

Burodi kuwa ya nuna matsalar ta ɗaya fuskar. Mutanen birni sun bar kisra, wainar dawa ta gargajiya, sun koma burodin alkama, alhali mafi yawan alkamar daga waje ake saye da dala. Da dalar mai ta ƙare, gwamnati ta kasa riƙe tallafin fulawa. A Disamban 2018 farashin burodi a Atbara ya tashi daga fam ɗaya zuwa fam uku, zanga-zangar da ta fara a can ta isa Khartum, kuma ranar 11 ga Afrilun 2019 sojoji suka sauke Umar al-Bashir.

Ɓangare na uku: ofis, banki da kasuwa

A shekarun da suka gabaci yaƙi, hidimomi ne ke ba da kaso mafi girma na arzikin Sudan. A takarda wannan ya yi kama da hanyar da Fourastié ya zana, amma tafiyar ta bambanta. A Turai ɗan manomi ya bar gona ne ya shiga masana'anta da albashi, jikansa ya shiga ofis. A Sudan wanda ya bar gona fari ko yaƙi ne ya kore shi, ya iso birni bai tarar da masana'antar da za ta ɗauke shi ba, sai ya kama tuƙa raksha, wato adaidaita-sahu, ko talla a bakin titi.

Saboda haka ɓangare na uku a Sudan gida biyu ne. Na farko shi ne na masu takarda da albashi: ma'aikatun gwamnati, Babban Bankin Sudan, Bankin Khartum da tarihinsa ya faro tun 1913, Bankin Musulunci na Faisal, kamfanonin waya na Zain da MTN da Sudani, manyan asibitoci da jami'o'i. Ilimi hidima ce da Sudan ke sayar wa ƙasashen waje ma. Ɗalibai da yawa daga Najeriya da Nijar da Cadi sun yi karatun likitanci da shari'a da Larabci a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da wasu jami'o'in Khartum, kuɗin makarantarsu da na hayarsu kuwa kuɗin shiga ne ga ƙasar kamar na riɗi.

Gida na biyu shi ne kasuwa, kuma Omdurman ce uwarsa. Tsohuwar kasuwar Omdurman na da layin maƙeran zinariya da na dukawa da na masu turare da kayan yaji. Kafin yaƙi, kasuwar Libiya, a yammacin garin, ita ce ta sari, inda fatake daga Darfur da Kordofan da Cadi ke ɗaukar tufafi da kayan masarufi. Gaba da ita akwai Muwailih, babbar kasuwar dabbobi, inda garken da ya yi makonni a hanya daga yamma ke sauya hannu. Sa guda kan bi ta hannun mutane da dama kafin ya kai ga mahauci: mai saye a ƙauye, mai kora, dillali, da mai tsayawa lamuni cewa dabbar ba ta sata ba ce. Kowanensu na cin abinci a jikin san, kuma kowane kaso daga kuɗin makiyayi ake cire shi.

Sana'o'in da ba sa cikin littafin gwamnati

Rabon uku bai faɗi komai a kan ko gwamnati ta san da aikin mutum ba. Wannan giɓi ne masanin Ingila Keith Hart ya nuna a farkon shekarun 1970, bayan binciken da ya yi a unguwar Nima ta Accra, wadda Hausawan Gana suka sani sarai. Ya ga mutanen da ƙididdiga ta kira marasa aikin yi, alhali daga asuba zuwa dare suna nema. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki wannan fahimta a rahotonta kan Kenya a 1972. Sana'ar da ba ta da rajista tana iya kasancewa a kowane ɓangare: mahaƙin zinariya a na farko, mai yin tubali a bakin Nilu a na biyu, mai shayi a na uku.

Mata masu shayi su ne fuskar wannan ɓangare a Khartum, kowacce da murhunta da kujerun zama a ƙarƙashin itace, da yawansu ƴan gudun hijira ne masu riƙe da gida. Shekaru da dama ƴan sanda na kai musu samamen da ake kira kasha, a kwashe musu kaya a ci su tara, a ƙarƙashin dokar kiyaye tarbiyyar jama'a da aka soke a Nuwamban 2019. Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa su a ƙungiyoyin gama-kai, ta samu lambar yabo ta jaruman mata daga Amurka a 2016.

Hausawan birni, a unguwanni irin su Mayo a kudancin Khartum, sun kafu a nan. Agashe, naman da ake gasawa da yaji da garin gyaɗa, ya zama abincin dare na ƴan Sudan baki ɗaya, kuma kowa ya san daga hannun Hausawa ya fito. Ga su a ɗinki da wanzanci da su da dako da sayar da magungunan gargajiya. Wasu sun ƙetare zuwa gidan masu albashi da suna. A'isha al-Fallatiyya, wadda iyayenta daga yammacin Afirka suke, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Sai dai mai sana'ar da ba ta da rajista ba shi da fansho ko inshora, banki ba ya ba shi bashi, kuma idan aka zo biyan diyya ba shi da takardar da zai nuna.

Abin da yaƙi ya karya

Cikin makonnin farko na yaƙin an wawashe ko an ƙona masana'antu da yawa a Bahri, aka fasa bankuna, kasuwar Omdurman ta ci wuta. A watan Mayun 2023 masana'antar Samil, mai haɗa abincin gyaɗa na yaran da tamowa ta kama, ta ƙone ƙurmus. Asusun UNICEF ya ce daga can yake samun kashi 60 cikin ɗari na irin wannan abinci da yake rabawa a Sudan. Gyaɗar na nan a Kordofan da Darfur, yaran ma na nan, injin da ke tsakaninsu ne babu. A Nuwamban shekarar aka karya gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri, a Janairun 2025 kuma matatar Jaili ta kama da wuta.

Tsarin da ke haɗa bankuna da juna a Khartum yake, da ya tsaya sai aika kuɗi daga banki zuwa banki ya tsaya a duk ƙasar. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ce ta ceci mutane da yawa, domin da ita ƴan'uwa da ke Saudiyya da Masar ke turo taimako, da ita kuma ake tallafa wa takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka da matasan unguwanni suka buɗe. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, tukwane da yawa suka sauka daga murhu. Gwamnati ta koma Port Sudan, fiye da mutum miliyan 3 suka bar jihar Khartum, Najeriya ta kwashe ɗalibanta ta Masar da Port Sudan.

Daga nan ɓarnar ta gangara gona. Bashin noma ya yi ƙaranci, man dizal da taki suka yi tsada, hanyoyi suka cika da shingayen karɓar kuɗi. A Disamban 2023 RSF ta kama Wad Madani, babban birnin Jazira, ana tsakiyar noman rani. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta hatsin da aka girbe a 2023 da tan miliyan 4.1, ƙasa da na shekarar da ta gabata da kashi 46 cikin ɗari. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Zinariya ce kaɗai ba ta tsaya ba, tunda ba ta buƙatar masana'anta ko banki kafin ta ƙetare iyaka, kuma duka ɓangarorin da ke faɗa suna cin moriyarta.

Tambayar da ke gaban Sudan da maƙwabtanta

Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, suka karɓe fadar shugaban ƙasa a Khartum a watan Maris, mutane suka fara komawa gidajensu. Masu shayi da masu agashe da masu raksha ne suka fara dawowa bakin aiki, saboda jarinsu kaɗan ne. Masana'anta kuwa sai da wuta da injuna da bashi mai tsawo. Abin da za a yanke yanzu shi ne ko za a sake jibge komai a Bahri kamar da, ko za a kai injin matsar riɗi Gadarif, na tace ƙaro El Obeid, mayanka da majemu kuma kusa da makiyaya. Idan aka yi na biyun, ɗan leburan kanabi na iya samun aikin albashi ba tare da ya bar jiharsa ba, kuma faɗuwar gari guda ba za ta tsayar da ƙasa ba.

Mai karatu a Nijar ko arewacin Najeriya zai ga garinsu a wannan labari. Yuraniyom na Arlit da albasar Galmi da shanun Tawa yawanci ɗanye suke fita. Kano ta taɓa tara dalar gyaɗa don jiragen Turai, daga baya ta gina masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, da yawa kuma suka rufe saboda rashin wuta da kayan waje masu araha. Akwai misalan da suka bi ɗaya hanyar, kamar matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, nesa da Yamai, da kamfanin STA na Yamai mai haɗa irin abincin yaran da Samil ke yi. Duk sanda gwamnati ta fitar da alƙaluman bunƙasar arziki, akwai tambayoyin da ya kamata mai sauraro ya riƙe: a wane ɓangare aka samu ƙarin, mutum nawa ke ci daga cikinsa, kuma a wane gari aka kafa injin da ke sarrafa abin da ƙauyensu ya noma.